Filin Tambaya da Amsa: Kafin Ka Zauna Gaban Masu Intabiyun SIWES

Mafi yawan wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon daga ɗalibai ne waɗanda lokacin fitarsu koyon aiki ya ƙarato, wato abin da ake kira IT ko SIWES. Hukumar ITF, wato asusun gwamnati na horar da ma'aikatan masana'antu, mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ta ɓullo da shirin a 1973, saboda kukan masu masana'antu cewa makarantu na yaye ɗaliban da ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Yau ɗalibai sun ninka, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Kakuri kuwa ba su ninka ba, wasu ma sun rufe. Shi ya sa wuraren da ake rububinsu ba sa ɗaukar kowa sai sun tace. Mun zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a sashen injiniyan lantarki. Na kai takardar neman gurbin IT wani kamfanin rarraba wuta, sai ga saƙo wai in je intabiyu nan da kwana goma. Ni ban san ana yi wa ɗan IT intabiyu ba. Me za su tambaye ni, kuma ta ina zan fara?
Daga wani ɗalibi a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwana goma sun ishe ka in ka san abin da ake nema. Wanda zai zauna gabanka, injiniya ne ko jami'in sashen ma'aikata, ya san ɗalibi ya kira. Abu uku ke ransa, kuma duk tambayar da zai jefo maka tana komawa ga ɗayansu. Yaron nan zai riƙa zuwa kullum a kan lokaci har wata shida su cika, ko sati uku zai yi ya ɓace sai ranar sa hannu a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na kullum? Zai jawo mana haɗari? In an nuna masa abu sau biyu, zai riƙe?

Kwana biyun farko ka ba wa kamfanin. Yana faruwa sosai, kuma yana ɓata wa injiniyoyi rai, ɗalibin lantarki ya kasa bambance mai samar da wuta da mai dakonta da mai rarraba ta. Tun 2013 da aka cefanar da kamfanonin da suka fito daga tsohuwar NEPA, kamfanonin rarrabawa goma sha ɗaya ne suka karɓi aikin kai wuta gidaje. TCN, wanda ya ci gaba da zama a hannun gwamnati, shi ke dakonta a manyan layuka, hukumar NERC kuma ke sa ido a kan harkar. KEDCO na da Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric na da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Ka iya bin wutar da bakinka har ta iso soket: ta taso a kilobolt 330, a sauke ta zuwa 132, sannan 33, sannan 11, taransifomar unguwa ta mayar da ita bolt 415 tsakanin layi da layi, 240 tsakanin layi da nutural. Wasu takardun 400 da 230 suke rubutawa, kada wannan ya rikita ka. In aka tambaye ka alaƙar lambobin biyu, raba 415 da 1.732 ka ga abin da zai fito.

Kwana huɗu na gaba na littafi ne, amma ba littafin aji huɗu ba. Abin da ke kayar da ɗalibai a wannan zaman karatun aji ɗaya da aji biyu ne da suka manta. Dokar Ohm. Bambancin kW da kVA, da dalilin da ya sa ake rubuta ƙarfin taransifoma da kVA. Yadda ake jona mitar auna bolt da mitar auna amfiya, wace a jere, wace a gefe. Me ya sa taransifoma ba ta aiki da wutar batir. Ka gwada lissafi guda da hannunka har ya zauna maka: taransifoma mai kVA 500 a bolt 415, cikakken lodinta ya kusa amfiya 696 a kowane layi. Ɗalibin da ya ja takarda ya fitar da wannan a gabansu ya riga ya wuce rabin waɗanda ke jira a waje.

Sai tambayar kariya, wadda a wurinmu ta fi duk sauran nauyi. In an ce maka za a yi aiki a kan layi, me za a fara yi? A yanke wutar daga tushe, a kulle makunnin a rataya alamar cewa akwai mutane a kan layi, a gwada da na'ura a tabbatar babu wuta, sannan a ɗaure layin da ƙasa kafin kowa ya taɓa. Ka ƙara da cewa layin da aka yanke ma yana iya ɗaukar wuta daga janareta ko inbatan wani gida da ba a yi wa canjin layi daidai ba. Mutane sun rasa rayukansu ta wannan hanyar, kuma duk injiniyan da ke fita fili ya sani.

Ragowar kwanakin na baki ne. Kusan kowane intabiyu da “faɗa mana ko kai waye” yake farawa, kuma minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Kada ka faro daga firamare. Ga siffar amsar da ke aiki, sai ka juya ta zuwa Turanci da naka bayanin: “Sunana wane, ina aji huɗu a sashen kaza. Na fi ƙarfi a darasin injinan lantarki. Bara ni da abokaina biyu muka haɗa wa masallacin unguwarmu sola, ni na yi lissafin kaurin waya. Abin da ban taɓa gani da idona ba shi ne yadda ake gwada taransifoma kafin a ɗora mata lodi, shi ya kawo ni nan.” Sharaɗin dai ya zama gaskiya ne, domin tambayar da za ta biyo baya ita ce: waya mai kauri nawa ka sa, kuma me ya sa?

In aka kawo abin da ba ka sani ba, ka ce, “Ranka ya daɗe, ban kai nan ba tukuna, amma ga abin da na sani kusa da shi.” Wannan ba faɗuwa ba ce. A wurin aikin wuta, mai kame-kame shi ake tsoro, don shi ne zai ce layi a kashe yake alhali bai gwada ba.

TAMBAYA: Waɗanne takardu zan riƙe?
Daga wata ɗalibar kwalejin kimiyya da fasaha a Kaduna

AMSA: Takardar gabatarwa daga ofishin SIWES na makarantarku mai hatimi da sa hannu, katin shaidar ɗalibta, takardar shiga makaranta, sakamakon zangunan da kika kammala, takardar NIN, hotunan fasfo huɗu, da CV. Ki yi kofe biyu-biyu na komai, ki sa na ainihi a fayil ɗin roba daban. A gani a dawo miki da su, kada ki bar na ainihi a hannun kowa. Biro biyu, da ɗan littafin rubutu.

Wuri uku ake yawan samun matsala. Na farko kwanan wata: kalandar makaranta ta goce saboda yajin aiki ko wani dalili, takardar kuma tana ɗauke da tsohon lokaci, sai ma'aikata ta ga watannin da aka rubuta sun riga sun wuce. Ki koma ofishin a sabunta miki, kada ki gyara da biro. Ki kuma san tsawon zamanki daidai, domin na kwalejojin kimiyya da fasaha wata huɗu ne bayan shekarar farko ta ND, ya bambanta da IT na shekara guda da ake yi kafin HND, kuma za a tambaye ki wanne kika zo yi. Na biyu suna: a katin makaranta sunan mahaifi ne a gaba, a NIN an ƙara na kaka, a CV an gajarce. Ki bi tsari ɗaya. Na uku lambar waya. Gurbi da yawa sun kuɓuce don an kira sau biyu layi a kashe, aka wuce ga na gaba.

CV ɗin ɗalibi shafi ɗaya ne: suna da lamba da imel mai ɗauke da sunanki na gaskiya, makaranta da sashe, darussa uku ko huɗu da suka shafi wurin, duk wani aikin hannu da kika taɓa yi, da manhajojin da kika iya. Duk abin da kika rubuta kin gayyaci tambaya a kansa. In kin sa Excel, ki shirya a miƙo miki kwamfuta.

TAMBAYA: Ina karanta ilimin ƙananan halittu. Wani kamfanin ruwan roba da lemo ya kira ni. Karatun na sani, amma da zarar an yi mini tambaya da Turanci a gaban mutane sai bakina ya mutu. Na fara tunanin kada ma in je.
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: 'Yar'uwa, ki je. Abin da kika faɗa ya dami ɗalibanmu fiye da yadda ake faɗa, kuma yana da magani. Harshen Bahaushe a cikin Turancinki ba aibi ba ne, ba kuma shi ake aunawa ba. Abin da ke kashe baki shi ne ƙoƙarin haɗa doguwar jimla a ka yayin da ido huɗu ko shida ke kanki. To ki daina dogayen jimloli. Jimla mai kalma bakwai ko takwas, ki tsaya, ki ja numfashi, ki kawo ta gaba.

Ki rubuta tambayoyi goma da kike zaton za su zo. A ƙarƙashin kowace ki sa kalmomi uku kawai na tuni, kada ki rubuta cikakkiyar amsa. Mai haddace amsa, da an katse shi ko an juya tambayar, sai duka ta zube. Kullum ki ba abin minti ashirin, da ƙarfi, kina ɗaukar muryarki a waya kina saurare. Rana ta farko ba za ki so abin da za ki ji ba, zuwa ta biyar za ki ji bambanci. Kwana biyu kafin ranar ki sa wani da kike jin nauyinsa, ba ƙawarki ba, ya zauna ya yi miki tambayoyin, saboda nauyin idon shi ne abin da kike buƙatar sabawa da shi. A zauren kuma, in ba ki ji tambaya da kyau ba, ki roƙi a maimaita. Ba a rage wa kowa maki a kan haka.

Kina da wata dama da ba kowa ke da ita ba: fanninki na lambobi ne da matakai, kuma lamba ba ta buƙatar dogon Turanci. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, otokilef, digiri 121 ne na minti 15. Tandun busasshen zafi digiri 160 na awa biyu. Yawancin ƙwayoyin da ke damun ɗan Adam a digiri 37 ake renonsu, kwana ɗaya zuwa biyu. Ruwan sha ana son pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, tsakanin 6.5 da 8.5, kuma kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100. Rinin Gram, wanda ake bambance ƙwayoyin bakteriya da shi, matakai huɗu ne: kiristal bayolet, aidin, alkohol, safranin. Mai riƙe rinin farko ya fito shuɗi mai duhu, wanda ya sake shi ya fito ja-ja. Tambayar da ke bambance wadda ta yi da hannunta da wadda ta karanta kawai ita ce me ke ɓata sakamakon. Amsa: barin alkohol ya daɗe yana wanke rinin daga ƙwayoyin da ya kamata su riƙe, sannan amfani da tsohon reno da shafa samfur da kauri a kan gilashi su ma suna ɓata sakamakon.

Tunda kamfanin abin sha ne, ki san aikin NAFDAC da na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a kansu, ki kuma san me ya sa ake rubuta lambar rukuni da kwanan wata a kan kowane samfur: in an gano matsala, da ita ake bin sawun kayan da suka riga suka fita kasuwa. In magana ta maƙale, ki nemi izinin zanawa a takarda. Masu aikin leb suna son ɗalibin da ke tunani da biro.

TAMBAYA: Injiniyan gine-gine nake karantawa, amma matsakaicin makina (CGPA) bai kai 2.5 ba, ina kuma da darussa biyu da zan maimaita. Ban taɓa aiki a wurin gini ba. In sun tambayi sakamakona in faɗi gaskiya?
Daga wani ɗalibi a Bauchi

AMSA: Ka faɗi gaskiya, Malam, domin takardar tana cikin fayil ɗin da ke gabansu, ko za su nema daga baya. Ka faɗe ta a gajarce: ga makina, a aji biyu na yi rauni a lissafi, ga abin da na canja, ga sakamakon zangon da ya wuce. Jimla uku. Kada ka ɗora wa lakcara laifi ko da kana ganin kana da hujja, don mai sauraronka zai ɗauka haka za ka yi da shi ranar da aiki ya ɓaci.

Wasu manyan kamfanoni suna da makin da ba sa sauka ƙasa da shi, kuma na'ura ce ke tacewa kafin mutum ya ga sunanka. Kada ka ƙarar da lokacinka a ƙofarsu. Matsakaitan 'yan kwangila, ofisoshin masu zanen gini, ma'aikatar ayyuka ta jiha, duk suna ɗaukar ɗalibai, kuma sau da yawa a can aka fi barin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa.

Rashin sanin wurin gini kuwa, wannan kana iya gyara shi a sati guda. Babu unguwar da ba a gini. Ka je ka yi sallama da injiniya ko birkilan da ke kula da aikin, ka roƙi a bar ka ka tsaya ka kalla, musamman ranar zuba dekin. Ka lura da yadda ake auna kwaɓi, da kwanon sarki ne ko da baro, ka ga yadda 1:2:4 da ka karanta yake a ƙasa: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti kilo 50 ne. Ka riƙa rodi mai milimita 10 da 12 da 16 har ka iya bambance su da ido. Ka duba ɗan dutsen da ake sawa a ƙarƙashin rodi don kada ya kwanta a kan katako, ka tambayi kanka me zai faru in babu shi: rodi zai fito fili, ruwa ya same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura ya fasa kankaren. Ka ga yadda leburori ke son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin zubawa, ka kuma san cewa wannan ƙarin ruwan shi ke rage ƙarfin kankare. In an cire katako ka ga ramuka kamar saƙar zuma a jikin fila, rashin girgiza kwaɓin da kyau ne, ko ruwan siminti ya tsiyaye ta kafar katako.

Gwaji biyu ba sa wuce tambaya. Gwajin zubewar kwaɓi: mazurari mai tsayin milimita 300, a cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi sau 25 da sandar ƙarfe, a ɗaga a auna yadda ya sauka. Sai gwajin ƙarfi: a zuba kwaɓi a akwatin milimita 150, a jiƙa shi a ruwa, a murƙushe a kwana 7 da kwana 28. Ranar intabiyu, “makon jiya na tsaya an zuba dekin, ga abin da na lura da shi” zai janye hankalinsu daga makinka zuwa abin da ka gani.

TAMBAYA: Ni uba ne. 'Yata tana karanta kimiyyar abinci, an kira ta ganawa a wata masana'anta. Ina da damuwa a kan shigarta, da gaisawa da maza, da lokacin salla. Sannan wani ya ce in ba shi kuɗi zai samo mata gurbi ba tare da wannan wahalar ba, ko ma a sa mata hannu a littafi ta zauna a gida.
Daga wani magidanci a Katsina

AMSA: Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya a kan lamarinta. Bari mu fara da na ƙarshen, don shi ya fi haɗari. Kada ka ba kowa kuɗi. Gurbin koyon aiki ba abin sayarwa ba ne, kuma mai karɓar kuɗi yakan kawo takardar amincewa ta bogi, wadda asirinta ke tonuwa ranar da malamin makaranta ya je duba ɗaliba aka ce ba a san ta ba. Zaman gida da sa hannun ƙarya ya fi wannan muni. SIWES darasi ne mai maki, a jami'o'i da yawa nauyinsa ya fi na kowane darasi guda. Bayan an dawo za ta rubuta rahoto ta tsaya gaban malamai ta kare shi, kuma wanda bai taɓa shiga masana'anta ba tambaya biyu ke fallasa shi. Ko ta tsallake wannan, ta yi asarar wata shidan da su ne za ta nuna ranar neman aiki.

Shiga kuwa, hijabinta ko mayafinta mai tsabta, marar ado da yawa, ya wadatar a zauren ganawa, da takalmi rufaffe marar tsini, don wani lokaci daga zauren ake zagayawa da su cikin masana'anta. A cikin masana'antar ne ake buƙatar lura. Dogon hijabi mai yawo kusa da bel ko injin da ke juyawa haɗari ne na gaske, inji ba ya saki in ya kama. Abin da mata masu wannan aikin ke yi shi ne ƙaramin hijabi mai kama kai da wuya, a cusa shi cikin rigar aiki, a ɗora hular gashi a sama. A wurin sarrafa abinci ana cire zobe da awarwaro da agogo, ana yanke farce, ba a son turare mai ƙarfi. Dokar tsabta ce a kan kowa, mace da namiji. In ita da kanta ta ce, “Na san akwai dokar sutura a wurin injina, ga yadda na shirya,” ta amsa damuwar da suke jin nauyin furtawa.

Gaisuwa: ta riga su. Tana shiga ta ɗora hannun dama a ƙirji, ta ɗan rusuna, ta gaishe su da sakin fuska. Wanda ya ga haka ba zai miƙo hannu ba, wanda ya riga ya miƙo kuma zai gane. Salla ta bari sai ƙarshe, lokacin da za a ce ko tana da tambaya, ta tambayi lokacin hutun rana da inda ma'aikata ke salla. A masana'antun Arewa wannan ba baƙon abu ba ne.

In za ka raka ta, ka raka ta bakin ƙofa ka jira a waje. Kada ka shiga, kada ka kira wani babba a ciki yayin da take zaune, domin suna so su ga ko za ta iya tsayawa da ƙafarta. Amma ka tabbatar da abu ɗaya: ganawa a harabar ma'aikata ake yin ta, a lokacin aiki. Duk wanda ya kira ta otal ko gida ko bayan magariba, kada ta je, ta kai maganar ga kodinetan SIWES na sashensu.

TAMBAYA: Kimiyyar kwamfuta nake yi. Kamfanin ya ce za a fara da jarrabawa ta intanet, sannan ganawa ta bidiyo. Unguwarmu ba wuta, sabis kuma sai a hankali.
Daga wani ɗalibi a Sakkwato

AMSA: Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin ranar ka nemo wurin da za ka zauna, ka gwada shi a daidai sa'ar da aka sa maka, saboda sabis ɗin ƙarfe goma na safe ba shi ne na ƙarfe huɗu ba. Ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban, kowanne da data, gigabait biyu sun isa ganawar awa ɗaya har da saura. Kwamfuta da waya su kwana a cike. Ka sauke Zoom ko Teams ko duk manhajar da suka ambata tun da wuri, ka sa cikakken sunanka a ciki. Haske ya kasance a gabanka. In taga tana bayanka, inuwa kawai za su gani. Ka ɗora kwamfutar a kan littattafai har kyamara ta yi daidai da idonka, ka shiga minti goma kafin lokaci. In layi ya yanke, ka koma nan take da ɗaya layin, ka ba da haƙuri da jimla ɗaya ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Jarrabawar yawanci lissafin kaso da jadawali ne, da fahimtar rubutu, da gane tsarin siffofi. Ba wuya ke kayar da mutane ba, agogo ne. Ka yi atisaye da agogo a gabanka, tambayar da ta ci maka fiye da minti ɗaya da rabi ka tsallake ta.

A ganawar, su ga abin da ka gina da hannunka, ko ƙaramin shafi ne ko manhajar lissafin shagon gidanku, a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ko a kan allonka, kuma ka iya bayanin kowane layi. In sashen kula da na'urori ne, ka san aikin IP da DNS da DHCP, ka san wayar haɗa kwamfutoci ta Cat6 ba a jan ta fiye da mita 100. In aka ce kwamfutar wani ta ƙi hawa intanet, ka fara daga waya da fitilar da ke jikin ramin da ake cusa wayar, kafin ka kai ga saituna. Tsarin bin matsala daki-daki suke son ji.

TAMBAYA: Ya dace in tambayi ko suna biyan alawus? Kuma in an gama aka yi shiru, sai yaushe zan tuntuɓe su?
Daga wani ɗalibi a Gusau

AMSA: Ya dace, amma a ƙarshe, bayan ka tambayi sashen da za a sa ka da wanda zai kula da kai. Ka sa ta a siffar shiri: akwai tallafin kuɗin mota ko motar ma'aikata, don in san yadda zan tsara zuwa? Wasu wuraren suna biya, wasu ba sa ba da ko sisi. Alawus ɗin da ke zuwa ta hannun ITF ya shafe shekaru a kan naira 2,500 a wata, kuma yakan zo ne bayan an gama, don haka kada ka gina lissafinka a kansa. Ka zauna ka ninka kuɗin motar zuwa da dawowa sau 22, kwanakin aiki na wata ke nan, ka ƙara abincin rana. In jimlar ta fi ƙarfin gidanku, gara wuri mafi kusa da za ka iya zuwa kullum, muddin aikinsu ya dace da karatunka.

Kafin ka tashi daga kujera ka tambayi ranar da za a ji sakamako da wanda za a tuntuɓa. In ranar ta wuce da kwana biyu ko uku, ka aika gajeren saƙo ko ka je da kanka sau ɗaya. In ba su sa rana ba, ka ba su mako guda. A tsakanin nan kada ka daina kai takarda wasu wuraren.

In an ɗauke ka, ka karɓi takardar amincewa a kan takardar kamfani mai hatimi, da ranar farawa da ta gamawa, ka kai ofishin SIWES na makarantarku kafin wa'adin da suka sa, ka riƙe kofe. A makonnin farko na aiki ka cike fom ɗin shaidar fara aiki ka kai ofishin ITF mafi kusa da inda kake, ka ajiye Fom 8, wato fom ɗin rahoton kammala aiki, don ƙarshen zama. In wuri na biyu da ya fi maka ya kira daga baya, ka sanar da na farko cikin ladabi, ka kuma sanar da kodinetanku a rubuce kafin ka koma, domin adireshin da ke cikin jerin makaranta shi malamin da zai zo duba ka zai bi.